Giɓi a Motar Umma

Ranar da Auta ya kawo wa Umma mota, Bahago ne na ƙarshe da ya sani a duk layin, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum yini. Ya baro gareji da rana kamar kullum don ya ci abinci a wurinta, ya karyo kwana da akwalarsa, sai ya tarar an cike inuwar bishiyar ƙofar gida, inda ya saba fakawa shekara da shekaru, da wata farar mota mai sheƙi, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Maƙwabta sun zagaye ta suna leƙe. Dole ya wuce gaba ya faka a rana, kusa da kwata.

Su biyu Umma ta haifa. Bahago shi ne babba, fanal-bita ne, mai miƙe jikin mota idan ta lotse. Auta kuwa aikin ofis ya kai shi nesa, sai an ga dama ake ganinsa, amma kullum da yamma yana kira a waya. Tun da mahaifinsu ya rasu a haɗarin mota, Bahago ne ƙafar Umma. Asibitin gwiwa shi ne, dubiya shi ne, kasuwa shi ne, famfo ya tsiyaya ko ƙwan fitila ya mutu duk shi ne. Ƙofar gaba ta akwalarsa ba ta buɗuwa ta waje, sai ya miƙa hannu ta ciki. Kujerar kuma ƙarfe ya fara leƙowa, shi ya sa ya ajiye wa Umma filo na musamman, wanda ko matarsa ba ta isa ta zauna a kai ba.

Yau ga Umma a tsaye jikin farar mota, bakinta har kunne, tana shafa madubi da gefen mayafinta.

"Bahago, zo ka ga abin da ƙaninka ya yi," in ji ta. "Zo ka gani da idonka. Auta ɗan albarka, Allah ya jiƙan mahaifinka."

Shi ma tana sa masa albarka, kada a yi mata ƙarya. Kullum in ya sauke ta sai ta ce Allah ya yi albarka, amma tana faɗi ne tana laluben makullin ɗaki a jaka. Ta Auta kuwa da hawaye ta zo.

Auta ya rungume shi yana ƙamshin turare. "Yaya, ka sha wahala da mu. Yanzu sai ka huta. Har direba na samo mata, farkon wata zai fara."

Ka huta. Wa ya ce masa ya gaji? Bahago ya ce madalla, ya ƙaƙalo murmushi, ya shiga zagaya motar.

Shi ba ya kallon fenti, fenti na masu saye ne. Farcen babban yatsansa na hagu yake sawa a tsagar da ke tsakanin roba da ƙarfe, ya ja shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In mota ta taɓa shan bugu, komai iya gyaran mai gyara, tsagar nan za ta faɗa: nan ta matse, can ta buɗe. Ya bi robar bamba, ya bi ta ƙasan ƙofofi, ya bi baƙar robar da ta zagaye saman kowace taya. Mutane suna ganin yayan mai mota yana duba musu lafiyarta ne. Aibi yake nema, kuma da ya samu da ya ji sanyi. Bai samu ba. Ko'ina daidai wa daida, farcensa ya tafi sumul ya dawo sumul.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce.

Kishi dai sunansa kishi, ko na ɗan'uwanka ne da kuka sha nono ɗaya. Bahago ya san abin da ke cinsa, bai kuma ɓoye wa kansa ba. Shi da ya goya yaron nan, ya share masa majina, ya bar makaranta ya kama guduma don shi ya yi karatu, yau an zo da mota an ce ya huta.

Auta ya ɗauki hutu, don haka kullum suna tafe shi da Umma. Dangin da ta yi shekara ba ta leƙa ba duk ta leƙa su. Sau biyu Bahago yana zuwa cin abinci ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciya ta miƙo masa kula ta katanga ta ce Umma ta ce ya ci, ba za su daɗe ba. Ya ci a cikin akwala, zufa na ɗiga a cokali. Da suka dawo Umma ba ta da zance sai sanyin esin motar. Wai gwiwarta ma ta daina yi mata zugi, wai kujerar har kwanciya take yi. Filon nan nasa ko tambayarsa ba ta yi ba.

Rannan da rana tsaka ya zo ya tarar da motar a inuwa, layin shiru, kowa ya shige daga zafi. Auta ya taka zuwa wurin aski. Bahago ya tsaya a tsakanin motar da katanga, wajen tayar baya ta dama, ya daɗe a tsaye. Ba ɓarna ya yi niyya ba, haka ya riƙa faɗa wa kansa. Ɗan abu kaɗan yake so, abin da zai sa a ce, "Kira Bahago ya duba." A kawo masa ita gareji, ya ce a bar ta zuwa gobe, ya ɗauki Umma a akwala ranar, sannan ya mayar da ita tsaf a ce ai da ba don shi ba.

Ya durƙusa, ya ciro wata sukundireba da ya gasa wa baki ya lanƙwasa da kansa. Robar saman taya ƙananan kilif ne ke riƙe da ita ta ciki, kamar maɓallan riga. Da wani ne, fizga ɗaya zai yi su kakkarye, shi ke nan. Amma hannun Bahago bai iya karya kilif ba. Shekarun da ya yi yana zagin masu gyaran ganganci a kan haka sun hana shi. Ya sa bakin ƙarfen a hankali, ya ɗaga, ya murɗa, ya zaro guda uku lafiyayyu, farare tas, ko ƙwarzane babu. Kuma kamar yadda duk ɗan sana'ar yake yi da lafiyayyen kilif, ya jefa su a aljihun rigar aikinsa ba tare da ya ma yi tunani ba.

Robar ta ɗan sauka. Ta gaba tana manne, ta baya ta bar giɓin da yatsa zai shiga.

Ya shiga gida ya rataye rigar a ƙusar bayan ƙofa, ya wanke hannu, ya zauna. Umma ta zuba masa abinci tana ba shi labarin wata ƙawarta da ta shiga motar ta ƙi fita. Da ya kusa gamawa ta miƙe da ƙyar, ta je ta zuba wa 'ya'yansa alawa a aljihun rigar, abin da ba ta taɓa fashinsa ba.

Sai da yamma, bayan yara sun wawashe alawarsu, ya tuna. Ya laluba aljihu, babu kilif. Ya zazzage rigar, ya duba ƙasan kujerar akwala, babu. Tun yana ɗan koyo Umma ke kwashe masa noti da ƙusa daga aljihu tana zubawa a wani gwangwanin madara a kan firij, wai kada su huda masa riga. Ya yi tsaki. Ko ta gani ma, me tsohuwa ta sani game da kilif?

Abin haushin shi ne ba wanda ya lura da giɓin. Kwana ya bi kwana, Auta yana wanke motar da hannunsa, yana goge daidai wurin da tsumma, bai gani ba. Umma tana shiga ta wannan gefen, ba ta ce komai ba. Bahago kuwa tun daga kan kwana yake hango shi, ya cika masa ido kamar wawulo a bakin amarya. Mutane dai ido ne da su amma ba sa kallo.

Ran hutun ƙarshen mako gida ya cika. Gwaggo ta zo da 'ya'yanta ganin mota, matar Auta ta iso, har abokin Auta ma ya zo, dillalin motocin da ya sayar masa da ita, wanda suka taso tare tun suna firamare. Aka fito ƙofar gida ana ta santi. Bahago ya ga in bai yi magana ba, giɓin nan zai tsufa a wurin ba wanda ya san da shi.

"Auta, zo ka ga wani abu," ya ce, ya sa yatsa a ciki. "Ka ga nan? Ka ga can? Ba daidai suke ba. Ka kawo min ita gareji gobe in duba."

Auta ya sunkuya ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Au, wannan? Ƙaramin abu ne. Zan ba abokina ya kai wurinsu, suna da na'urori." Ya dafa kafaɗar yayansa yana dariya. "Irin waɗannan motocin ba a sa musu guduma, Yaya."

Da wasa ya faɗa, kowa ya sani. Amma aka yi dariya. Matar Auta ta yi, 'ya'yan Gwaggo suka yi, dillali ya yi har da tafa hannu. Umma ma ta murmusa, kuma wannan murmushin ne ya ƙarasa Bahago.

"Ƙaramin abu?" ya ce, muryarsa a kwance. "Kilif uku ne babu a nan. Roba ba ta sauka don kanta, cire ta aka taɓa yi. Kuma ba mai cire wannan robar sai wanda zai miƙe ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Motar nan ta yi haɗari."

Kalmar nan ba a faɗinta a gidan. Tun ranar da aka kawo gawar mahaifinsu, aka kuma gano motar hayar da ya shiga tsohuwar mai haɗari ce da aka yi wa kwaskwarima, ko a rediyo aka ambace ta Umma kashewa take yi. Bahago ya fi kowa sani.

Dillali ya fara rantsuwa. Ya ce motar nan daga jirgi sai hannunsa, ya ce ga takardu, ya ce a kira duk wanda za a kira. Da ya ga ba mai kallonsa sai Auta, ya durƙusa a fusace ya fizge robar gaba ɗaya don ya ƙaryata. Aka leƙa. Ramukan kilif a jere, kowanne da nasa, sai guda uku na baya, wayam.

"Uku," in ji Gwaggo tana riƙe haɓa. "Bai ma buɗe ba ya faɗi. Kai, sana'a dai sana'a ce."

Bahago ya ɗaga kai ya haɗa ido da Umma. Kallonsa take yi, ba motar ba, ba Auta ba, shi. Ta daɗe tana kallonsa. Ya ɗauka tsoro ne ya kama ta. Ta juya ta shige gida tana dafa bango.

Sauran abin bai ɗauki lokaci ba. Dillali ya ce a kankare fenti a gani, Auta ya ce ba ya bukata, yayansa ya riga ya faɗa. Aka yi musayar maganganun da ba sa goguwa, har da tone-tonen abin da ya wuce tun na yarinta. Kafin magariba dillali ya karɓi farar motar ya ja ya tafi, robar tana kujerar baya, abotar shekaru kuma ta bi shi.

Washegari Auta ya zo gareji. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya da fararen kayansa, bai ko kaɗe ta ba, idanunsa jawur.

"Yaya, ban runtsa ba," ya ce. "Ina ta tunani, da ba don kai ba, da na sa Umma a irin motar da ta kashe Baba. Da hannuna. Ina ta yawo da ita gari-gari ina jin ni wani ne." Ya share hanci da bayan hannu, yadda yake yi yana yaro. "Ka yafe min maganar guduma. Wallahi ban san abin da nake faɗa ba."

A faɗi gaskiya, Bahago ya ji daɗi. Daɗin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ga ɗan ofis a kan taya yana neman gafara, ga abokan aiki suna ji. Ya dafa kansa ya ce ba komai, ai shi ya sa ake da babba. Sai da Auta ya ce wata motar da zai saya Bahago ne zai zaɓa, ba zai ƙara taɓa ko keke ba sai da izininsa, sannan daɗin ya fara gushewa. Ya ɗauki guduma ya kama bugun wata ƙofa da ba ta bukatar bugu.

Wata motar ba ta zo ba. Umma ce ta ce a'a. Auta ya roƙa, Gwaggo ta sa baki, ta ce ita ta gama da zancen mota, akwalar Bahago ta ishe ta. Aka sallami direba tun bai fara ba. Hutun Auta ya ƙare, ya koma jiki a sanyaye, yana ganin shi ne ya tsorata mahaifiyarsa har ta ƙi kyautarsa.

Inuwar bishiya ta dawo hannun mai ita. Bahago ya wanke akwala, ya sa aka ɗinka wa filo sabuwar riga.

Ranar asibitin gwiwa Bahago ya zo da wuri. Ya miƙa hannu ta ciki ya buɗe mata ƙofa, ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta shigar, tana cije leɓe, ta zauna a kan filonta. Gilashin gefenta ya maƙale a rabi, zafi kuma tun da safe ya fara. Duk da haka Bahago yana ta zuba, ya ba ta labarin gareji, ya ba ta na yara, ya tambaye ta ko a tsaya a saya mata lemo. Ta ce a'a. Ya lura ba ta cika magana ba kwanakin nan, amma ya bar shi a kan ciwon ƙafa.

A babbar mahaɗa danja ta tsayar da su. Umma ta jawo gefen mayafinta, ta kwance wani ɗan ƙulli da haƙori, ta juye abin da ke ciki a ɗan ramin da ke gaban giya, inda yake ajiye makullai. Kilif uku, farare tas.

Bahago ya kalle su.

"A aljihunka na same su ranar," in ji ta, idonta na kan titi. "Na sa a gwangwani, na ce kada su huda maka riga. Ban kawo komai a raina ba. Sai da ka tsaya a gaban mutane ka ce uku, ba ka buɗe ba." Ta gyara zaman ƙafarta. "Shekara nawa ina kwashe maka aljihu? Kilif ɗin garejinku baƙaƙe ne, duk maiƙo. Ban taɓa ganin fari ba sai ranar."

"Umma..."

"Ban gama ba. Na so in yi magana a wurin. Na buɗe baki, sai na ga in na faɗa, ƙaninka ba zai ƙara ce maka Yaya ba har ya mutu. Na yi shiru aka ci mutuncin yaron mutane, ɗan da ya ci abinci a kwanona. Na yi shiru Auta ya tafi yana kuka da laifin da bai yi ba. Wannan alhakin ni da kai muka raba shi, kuma ni ban taɓa motar kowa ba."

Yana so ya ce ba haka ya nufa ba. Yana so ya ce shi dai so yake a kira shi, ya faɗi zancen kwaɗo a ƙofa da kula ta katanga, da albarkar da ake sa masa ana laluben makulli. Amma ko ɗaya bai kai nauyin abin da ke gaban giya ba.

"To me ya sa kika hana shi sayo wata?" Abin da ya iya fitowa ke nan, da wata ƙaramar murya. "Ai da na zaɓa miki mai kyau. Wallahi da na zaɓa."

Sai yanzu ta juyo ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ina son motar nan, Bahago. Tun rasuwar babanku ban taɓa shiga mota na yi barci ba sai a cikinta." Ta gyara mayafinta. "Amma wannan karon roba ka cire. In ya kawo wata, ban san me za ka cire ba."

Danja ta ba da hannu. Na baya suka fara hon, wani ya leƙo ta taga yana masifa. Hannun Bahago yana kan giya, ya kasa turawa.

"Ja mu tafi," in ji Umma, ta mayar da idonta kan titi. "Ka samu abin da kake so. Kada mu rasa layi."

Ya sa giya. Akwala ta yi tari ta ɗauki hanya, kilif ɗin suna ta kaɗawa a cikin ramin duk inda taya ta faɗa gargada, kuma har suka isa asibiti ba wanda ya sa hannu ya tsayar da su.